Za mu gyara tsohon gidan gado muna ciki, me zai iya cutar da iyali?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun gaji gidan mahaifinmu a Gwammaja, kuma ni ne nake zaune a ciki. Sashen gaba ginin ƙasa ne, zaure da soro na azara tun na kakanmu. Sashen ciki mahaifinmu ya gina da bulo wajajen 1976, silin ɗinsa asbesto ne, haka ma wani ɓangare na rufin. Ina so a cire su, a kankare tsohon fenti, a sa tayil, a rufe tsohon masai a yi na zamani. Ba ni da halin kama haya, don haka niyyata a riƙa yi ɗaki-ɗaki muna ciki. Maiɗakina tana da juna biyu, yaranmu uku, babbansu shekararsa 7, Hajiyarmu kuma tana da asma. Me ya kamata in kiyaye?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa albarka a abin da ya bari. Na daɗe ina aikin duba-gari a cikin birni da kewaye, kuma a duk tambayarka kalma biyu ne suka tsaya mini a rai: "muna ciki". Malam, kafin komai, ka janye wannan shawarar a kwanakin rushe-rushe. Ba haya nake cewa ka kama ba. A Kano muke, ba za a rasa gidan iyayen maiɗakinka ko na wani ɗan'uwa da zai ɗauke su mako biyu ko uku ba. Lokacin cire silin, sauke rufi da kankare fenti shi ne mai haɗari, kuma gajere ne idan an tsara aikin. Gini da filasta da jera tayil ana iya yinsu kuna wani sashen. Mai ciki da ƙananan yara da tsohuwa mai asma su ne waɗanda ƙurar tsohon gida ta fi yi wa illa, ga shi duka ka tara su a gida ɗaya.

Na san abin da birkila zai ce maka: ai mu Kanawa mun saba da ƙura, wace ƙura ce ta wuce ta hunturu? To ƙura ba iri ɗaya ba ce. Bari in fara da ta asbesto.

Asbesto wani ma'adini ne mai zare-zare da ake cakuɗawa da siminti a yi allon silin da kwanon rufi. An yi yayinsa sosai a gidajen da aka gina daga shekarun 1960 zuwa 1980, saboda ba ya tsatsa, ba ya cin wuta, kuma ɗakinsa ya fi na kwano sanyi. Matuƙar allon yana zaune lafiya, bai fashe ba, ba ya garin kansa, haɗarinsa kaɗan ne. Ranar da aka sa masa guduma ko zarto ko injin giranda, ranar yake sakin zaren da ido ba ya gani. Zaren yana daɗewa yana yawo a iskar ɗaki, idan kuma ya shige can cikin huhu jiki ba ya iya narkar da shi. Mutum ba zai ji komai ba a ranar, ba kuma zai ji a shekarar ba. Sai bayan shekara 20, 30, har 40 ciwon yake bayyana: huhu ya taurare numfashi ya riƙa gagara, ko sankarar huhu, ko wata sankara da ke kama fatar da ta lulluɓe huhu, wadda kusan ba a samunta sai ga wanda ya shaƙi asbesto, kuma ba kasafai ake warkewa daga gare ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane nau'insa yana jawo sankara, har da farin da aka fi sa wa a kayan rufi. Birtaniya ta haramta shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005. Ka lissafa da kanka: ɗanka mai shekara 7, idan ya shaƙa bana, yana tsakiyar ƙarfinsa abin zai taso masa. Wanda yake shan taba kuwa, haɗarin sankarar huhunsa ninkuwa yake yi, kuma leburori da yawa suna sha.

Ido ba ya bambance allon asbesto da allon siminti na baya-bayan nan wanda ba shi da shi. Na gidanku dai tunda na 1976 ne, ka ɗauka shi ne kawai. Shawarata ta farko ma ita ce, ɗakin da silin ɗinsa bai tsage ba, bai sha ruwa ya lotsa ba, ka bar shi inda yake, a shafe shi da fenti hannu biyu ba tare da an goge shi da samfefa ba. Ka rage kashe kuɗi, ka rage ƙura. Wanda ya zama dole a cire, ga yadda ake yi. A fitar da komai daga ɗakin, a shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, a toshe ƙofar da ke shiga sauran gida. A jiƙa allon da ruwan da aka ɗan sa wa garin sabulu, da abin feshi irin na manoma wanda ba a taɓa zuba magani a ciki ba. A zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, mutum biyu su sauke allon sukutum. Abin da aka saba yi, yaro ya hau sama ya riƙa tattaka silin yana ruftowa saboda a gama da wuri, shi ne mafi muni. Idan kafinta ya ce zare ƙusa ɓata lokaci ne, ƙara masa kuɗin yini ɗaya. Kwanon asbesto na rufi kuma kada a taka shi kai tsaye, tsufa yana sa shi gautsi, mutum yana iya burmawa ya faɗo. A gitta katako a taka.

Inda na fi ganin ɓarna shi ne bayan an sauke. Sai a farfasa a loda a baro a je a cike kwarin lungu da shi saboda damina. Babur ya bi ta kai, kura ta bi ta kai, ya zama gari, yaran unguwa su wuni a kansa. Na sha tarar da yara suna jefa gutsurensa cikin wuta don su ji ƙarar fashewarsa, wasu suna zane da shi a bango, mata kuma su rufe akurki ko bakin murhu da shi. Wannan cutar da maƙwabta ce, kuma addininmu ya ce ba cuta ba cutarwa. A naɗe shi da jiƙonsa cikin leda ninki biyu, a ɗaure, ka tuntuɓi REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano, ko Ma'aikatar Muhalli su nuna maka inda za a kai a binne. Kada ka bai wa kowa kyauta ko da ya roƙa. Ɗakin kuma ba a share shi da tsintsiya a bushe, da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa, tsumman ya bi ledar. Kayan da ma'aikata suka sa a ranar kada su tafi da su gida. A ƙasashen da aka bibiyi abin, an samu matan da ba su taɓa shiga wurin aiki ba sun kamu, ta hanyar kakkaɓe kayan mazajensu kafin wanki.

Takunkumi ma sai an zaɓa. Shuɗin nan na zamanin korona da rawani da ƙyalle ba sa tare wannan zaren. Ko takunkumin N95 mai kama fuska sosai bai wadatar ga asbesto ba, wanda ya dace shi ne na roba mai matata a gefe biyu, mai alamar P3 ko P100. Masu sayar da kayan kariya na ma'aikata suna da su. Gemu mai yawa yana hana shi manne wa fuska, don haka jiƙa allon da ruwa shi ne babbar kariyar, takunkumi na biye.

Sai fenti. Bangon da aka yi wa farar ƙasa ko fentin ruwa bai cika damuna ba. Fentin mai nake tsoro, mai sheƙin nan da ke jikin ƙofofi, tagogin ƙarfe, ƙyauren gida da rabin bangon ɗaki na ƙasa, musamman ja da rawaya da kore. Tsofaffin irinsa galibi akwai dalma a ciki. Amurka ta hana fentin dalma a gidaje tun 1978, mu kuwa ya daɗe a kasuwanninmu bayan nan. Ba sai na yi maka dogon bayanin dalma ba, mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara aƙalla 400 suka rasu. Abin lura a nan, yaran ba rami suka shiga ba. Dutsen zinare ake dakawa a tsakar gida, garin ya zauna a ƙasa, yaro ya yi rarrafe ya sa hannu a baki. Hanyar ke nan, kuma ita ce hanyar da garin fentin da aka goge da samfefa zai bi ya shiga cikin 'ya'yanka, ko da yawansa bai kai na can ba. Jikin yaro yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki huɗu zuwa biyar na babba, yaron da jininsa ya yi ƙasa kuma ya fi tsotsa. Babu wani adadi da likitoci suka yarda cewa ba ya cutarwa. Kaɗan ɗin ba ya kwantar da yaro, ƙwaƙwalwa yake taɓawa a hankali, sai ya shiga makaranta a ce ba ya ganewa, a yi ta dukansa. Mai yawa yana kawo ciwon ciki, taurin bayan gida, ƙarancin jini, har jijjiga. Ga mai ciki kuwa, dalma tana ratsa mahaifa ta isa ga abin da ke cikin, tana iya jawo ɓari ko haihuwar bakwaini. Saboda wannan kaɗai ma ya isa maiɗakinka ta bar gidan.

Fentin da bai ɓare ba, a wanke shi a shafa sabo a kai. Wanda ya ɓare, a jiƙa a kankare a kan leda. Kada a ƙona shi da wuta don ya saki, kada a bi shi da injin gogewa. Ƙofofi da tagogin da za a gyara a cire su a kai wa mai walda, shi ma ka gaya masa ya yi a fili, don hayaƙin yankan fentaccen ƙarfe yana ɗauke da dalma. Tunda maganar ta zo, kwallin dutse da ake sa wa jarirai a ido shi ma dalma ce, a bar shi idan Allah ya sauke ta lafiya.

Tsofaffin katakan rufi da ƙyamare kada su tafi murhu. Na san da an sauke su mata ke rububinsu, mai shayi ma ya aiko. Katakon rufi da wuya ka samu wanda ba a shafe shi da baƙin mai ko maganin gara ba, wasu magungunan na da an haramta su yanzu saboda dafinsu da daɗewarsu a jiki. Hayaƙin yana shiga huhun mai girki, tokar kuma ta zauna a tsakar gida.

Yanzu masai, wanda shi ba ya jiran shekara 30, nan take yake kashewa. Tsohon masai da sokawe da rijiyar da aka daɗe da rufewa suna tara iska mai guba, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Idan ta yi yawa tana kashe jin warin ma, mutum ya ɗauka ta tafi, numfashi ɗaya ko biyu ya yanke jiki. Wani ramin kuma ba guba ba ce, iskar shaƙa ce babu. Duk wanda ke sauraron rediyo a Kano ya sha jin sanarwar hukumar kashe gobara, kuma labarin kusan iri ɗaya ne kullum: na farko ya shiga ya faɗi, na biyu ya bi shi ceto, na uku ya bi na biyu. Ka tara ma'aikatanka ka faɗa musu da bakinka cewa babu mai shiga rami a gidanka, idan kuma wani ya faɗa, ba a binsa, 'yan kwana-kwana ake kira. Ka ajiye lambarsu a wayarka tun kafin a fara. Gwajin da ake yi na zura fitila ba abin dogaro ba ne, fitila tana iya ci alhali gubar tana nan, kuma iskar masai tana iya kamawa da wuta. Injin jan ruwa ko janareta ma ba a saukar da shi cikin rami, hayaƙinsa kaɗai ya isa. A kira motar kwashe masai ta zuƙe, a cike da ƙasa a hankali ana dannewa, a bar shi ya zauna, sannan a zuba kankare mai rodi a kai. Ka kuma tambayi Hajiya inda masan da rijiyoyin zamanin kakanku suke. Gidan da ya ga zuriya uku da wuya a ce rami ɗaya aka taɓa haƙawa a cikinsa, kuma daɓe yana ruftawa da mutum a kan ramin da aka manta. Sabon sokawen ya yi nesa da rijiyarku da ta maƙwabta gwargwadon iko. A cunkoson Gwammaja tazarar mita 30 da ake so ba ta samuwa, saboda haka a gina shi da bulo a shafe cikinsa da kyau.

Tsakanin silin da rufi, da cikin azarar soro, za ku tarar da kashin ɓera da na jemage da na tantabara na shekaru. Busasshen kashin jemage da na tsuntsu yana ɗauke da fumfunar da ke kama huhu, ta fi tsanani ga tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki. Ɓera kuma shi ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashi, cutar ta fi tashi da rani daga Disamba zuwa Afrilu, daidai lokacin da aka fi yin gini, kuma a farkon 2020 ta kashe har likitoci a nan Kano. A jiƙa wurin da ruwan bilic, gwangwani 1 a gwangwani 9 na ruwa, a bar shi minti 5, a kwashe da safar hannu. Wanda ya yi aikin, idan zazzaɓi ya kama shi cikin mako uku kuma maganin maleriya bai yi masa ba, ya tafi asibiti ya faɗi aikin da ya yi. Kunama da maciji ma suna son tsohon bango, kada a zura hannu inda ido bai gani ba.

Sashen ƙasar nan ina roƙonka ka nemo magini na gargajiya ya duba shi, ba birkilan bulo kaɗai ba. Azara tana ɗora nauyinta a kan bango, bangon da kake gani kamar raba ɗaki kawai yake yi wataƙila shi ke riƙe da soron. Gara tana cinye kan azara a cikin bango, waje yana nan kamar lafiya. Filastar siminti a kan ginin ƙasa kuma tana da nata sharrin: ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe ta ciki, wata rana cikin Agusta bango ya zauna. A tokare kafin a taɓa komai, a gyara indararo, kuma a rufe gidan kafin ruwan Yuni. Idan akwai tunanin ɗora bene nan gaba, wannan sai injiniya da izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano.

Wutar lantarki a taƙaice: "an ɗauke wuta" ba kashe wuta ba ne, ana iya dawo da ita hannun mutum yana kan waya. A zare katawut, ka sa shi a aljihunka, a raba janareta da sola daga layin gidan. Wayarin na 1976 a canza shi duka. Masu miƙa dogon kwano da rodi sama su kula da wayoyin da suka ratsa ta kan lungu.

Leburori amana ne a hannunka, kuma yawancinsu yara ne da ba za su tambayi komai ba don kada a kore su. Yankan tayil da bulo da fasa kankare a bushe yana tayar da garin yashi mai laushi wanda ke tabo a huhu, tabon ba ya gogewa, kuma yana buɗe wa tarin tibi ƙofa. A riƙa zuba ruwa a bakin injin, a yi yankan a waje. Ɗanyen siminti yana cin fata kamar ruwan toka mai ƙarfi. Na taɓa ganin wani matashi da ya wuni yana kwaɓi da silifas, washegari fatar tsakanin yatsun ƙafarsa ta saɓule, ya fi mako biyu bai fita nema ba. Takalmin roba da safar hannu ba su kai kuɗin buhun siminti biyu ba. Idan siminti ya faɗa ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 20, sannan asibiti. Wanda ƙusa ta soke, a wanke da sabulu a kai shi a yi masa allurar tetanos a ranar, ba a zuba fetur ko baƙin mai. Ka tanadi ruwa da sabulu su wanke hannu kafin cin abinci, kuma su ci nesa da wurin aiki. Maigadin da zai kwana a gidan kada ya kunna janareta ko gawayi a rufaffen ɗaki.

Kafin iyali su dawo, a goge daɓe da tagogi da saman ƙofofi da jiƙaƙƙen tsumma sau biyu, ana canza ruwa. Idan tsakar gidan ƙasa ce, a kankare samanta a fitar, a zuba sabon yashi ko a daɓe, don nan yaran za su zauna. Randa da tukwane da tabarmin da ƙura ta taɓa a wanke su. Sabon fentin mai da tina suna tayar da asma, maganin gara da fiya-fiya ma haka, saboda haka a bar tagogi a buɗe kwanaki har warin ya tafi gaba ɗaya, Hajiya da mai ciki su zama na ƙarshen shigowa. Idan an riga an fara kankare fenti yaran suna gidan, ka kai su asibitin yara na Hasiya Bayero ko asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ka gaya wa likita, shi zai duba ko akwai buƙatar auna dalma a jininsu. Duk wanda tari ya wuce masa mako biyu bayan aikin, kai ko lebura, gwajin tibi kyauta ne a asibitocin gwamnati. Allah ya sauki maiɗakinka lafiya, ya ƙara wa Hajiya sauƙi.